Masu Kala na Millet Ba Masu Gona Ba Ne

Na gaji da ganin wani hoto da ake bugawa a kalandu da littattafai, inda mata uku suka sunkuya a gonar alkama, ana kafa hujja da shi wai ga ni'imar ƙauyen Turai, ga matan da ke girbin gonarsu cikin wadata da ƙana'a. Wannan fahimta ɓatacciya ce, kuma da masu yaɗa ta sun tsaya sun yi nazari na minti guda, da sun ji kunya.

Zanen na Jean-François Millet ne, ɗan manoman Normandi a ƙasar Faransa, wanda ya nuna shi a Paris a shekarar 1857, yanzu kuma yana gidan tarihi na Orsay.

Matan nan kala suke yi, ba girbi ba. An riga an yanke alkamar an kwashe, sai abin da ya zube a ƙasa, shi ne dokar Faransa tun zamanin sarakuna ta halatta wa miskinai da gajiyayyu su tsinta tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. Dubi hannuwansu, za ka ga sun yi kaushi sun kumbura, kowace na riƙe da 'yan zangarniyoyin da ba su kai cikin tafi biyu ba, ɗaya ma ta ɗora hannu a gadon bayanta, ta ukun kuwa ta ɗago amma ƙugu ya ƙi miƙewa. Sa'an nan ka ɗaga ido can nesa, inda aka tara alkama tsibi-tsibi, ana loda keken doki, ga taron 'yan ƙodago, ga wakilin mai gona bisa doki yana lura da su, domin a nan arzikin yake, kuma babu rabon matan a cikinsa. Attajiran Paris, waɗanda tarzomar juyin juya halin da aka yi a birninsu a 1848 ba ta gushe daga zukatansu ba, sun gane manufar sarai, shi ya sa da yawansu suka ƙi zanen, suna ganin tunzura talakawa ne. Yaya abin da ya firgita masu dukiya a zamaninsa zai zama shaidar jin daɗi a namu?

Watakila laushin launukan ne ke ruɗin mutane.

Amma mu da muka san kala a gonakin gyaɗa da dawa, ba mu da uzurin jahiltarsa. Malamin da zai nuna hoton a aji, ya fara da tambayar yara ina hatsin yake, kuma na wane ne. Manomi kuwa, in ya gama girbi ya fitar da ushirinsa, kada ya kori tsofaffi da marayu masu bin bayansa, kada ya sa yaransa su tsince gona ƙarƙaf saboda rowa, kada kuma ya yi gaggawar sayar wa makiyaya da harawa da karmami a saki shanu tun masu kala ba su shiga ba. Ya ba su kwana biyu ko uku, ya kuma sanar da mai unguwa ranar da gonar za ta buɗe.