Yadda Ake Gane Gidan Abinci Na Ƙwarai A Ƙasar Meziko

A watan Mayu na 2024 ne kamfanin Michelin na Faransa, wanda ya shahara wajen auna darajar gidajen abinci, ya fitar da littafinsa na farko a kan ƙasar Meziko. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, cikin waɗanda aka ba tauraro har da wani ɗan shago a babban birnin ƙasar mai suna El Califa de León, wanda aka buɗe tun 1968. A tsaye ake cin abinci a wurin, kuma tako iri huɗu kaɗai aka tarar ana sayarwa. Tako kuwa nama ne da ake ɗorawa a kan tortiya, wato wata siririyar gurasa ta masara.

A wajen mutanen ƙasar, wannan gurasa ita ce ma'auni na farko. Bisa ga al'adar da suka gada tun kafin zuwan Sifaniyawa, ana dafa masara da ruwan farar ƙasa ko na toka, a bar ta ta kwana, a wanke, sa'an nan a niƙa ta da danshinta. Wannan aiki shi ke sa ƙullun ya haɗu, ya kuma saki sinadarin niyasin da jiki ke bukata. Turawan da suka ɗauki masara suka bar wannan dabara sun sha fama da cutar felagira, mai lalata fata, musamman a Sifen da Italiya. Tortiya ta ƙwarai tana da ƙanshin masara, tana kumbura a kan kasko, kuma ba ta tsagewa idan aka naɗe ta. Wadda aka yi da garin kamfani tana ƙosarwa, amma bakin da ya saba ba ya rasa gane ta.

Daga nan sai miyar barkono da suke kira salsa, ja ko koriya. Gidan da ke gasa barkononsa da tumatirinsa kullum ya yi wa mai buɗe kwalba nisa. Manyan malafuna da ake ratayawa a bango kuwa ado ne kawai don baƙi. Haka kuma jerin abinci mai tsawon gaske abin zargi ne, domin kowace jiha da gwanintarta: Wahaka da Fuwebila sun yi suna da miyar mole, Yukatan da nata girkin dabam.

Ma'aikaci ko ɗalibi Musulmi da tafiya ta kai shi can sai ya ƙara da tambaya. Tako al pastor, wanda ya samo asali daga gashin naman da 'yan Labanan suka kawo, yawanci naman alade ne, kuma sau da yawa da kitsen alade ake soya wake.