Abincin Mai Juna Biyu: Haƙƙin da Ya Rataya a Wuyan 'Yan Kasuwa

Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 61 cikin ɗari na mata masu juna biyu a Nijeriya suna fama da ƙarancin jini. Wannan lalura kan galabaitar da mace, ta rage mata juriyar zubar jini a lokacin haihuwa, ta kuma sa a haifi jariri wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba. Asarar kan shafi aljihun maigida ta fuskar kuɗin asibiti, ta kuma shafi gona da kasuwa inda mata ke neman na kansu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa mai ciki ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ayon da maikirogiram 400 na folik asid a kowace rana. Haka nan tana bukatar maikirogiram 250 na ayodin, wanda rashinsa ke haddasa maƙoƙo da tauye ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Hanta, kifi, ƙwai, wake, zogale da alayyafo na daga cikin abincin da ke taimaka mata.

Saboda ba kowane gida ke iya sayen nama a kullum ba, gwamnati ta bi ta hannun masana'antu. A shekarar 1993 aka wajabta sanya ayodin cikin gishiri, sannan daga 2002 aka tilasta ƙara bitamin A cikin fulawa, garin masara, sukari da man girki. Hukumomin NAFDAC da SON ne ke sa ido kan bin wannan doka, kuma hoton ido a jikin kaya shi ne shaidar bitamin A.

Sai dai aikin masana'anta kan lalace a hannun mai sayarwa. Ayodin yana raguwa idan aka bar gishiri a buɗe cikin rana ko danshi, hasken rana kuma yana lalata bitamin A da ke cikin mai. Man da ake aunawa daga duro maras tambari kuwa, babu tabbacin an sa masa komai.

Don haka ya kamata dillalai da masu shaguna su sari kaya masu lambar rajista, su ajiye su a rufe cikin inuwa, su kuma fara sayar da tsohon kaya kafin sabo.