Gano Shekarun Tsofaffin Littattafai ta Hanyar Adireshin Mawallafa

Sau da yawa manazarci kan ci karo da littafin da ba a rubuta shekarar buga shi ba, ko wanda aka yi ta sake bugawa ana maimaita shekarar bugun farko. A nan adireshin kamfanin ɗab'i yana da amfani ƙwarai, domin lambobin gidan waya da ke cikinsa suna da tarihi sananne.

A Amurka an raba manyan birane zuwa shiyyoyi a 1943, aka riƙa rubuta "New York 17". Ranar 1 ga Yuli 1963 aka shigo da tsarin ZIP mai alƙaluma biyar, wannan shiyya ta koma 10017. Ke nan duk littafin da ke ɗauke da "17" kaɗai bai riga 1943 fitowa ba, mai alƙaluma biyar kuwa bai riga 1963 ba. Landan ta fi daɗewa a wannan harka. Tun 1857 take da haruffa irin su E.C. da W., amma sai a 1917 aka haɗa su da lamba, kamar E.C.4. Wannan ya shafe mu, ganin cewa ƙamusoshi da littattafan nahawun Hausa da dama can aka buga su.

Sai dai a lura, lambar tana nuna lokacin da littafi bai riga ba ne kawai. Maɗaba'u kan ci gaba da amfani da tsohon farantin bugu shekaru bayan an sauya tsari, saboda haka rashin sabuwar lamba ba hujja ba ce mai ƙarfi. Kuma jaket ɗin takarda yakan bambanta da shafin take, don haka a duba kowanne daban.