Dalilin da ya sa allo ke yin baƙi wajen ɗora Linux a kwamfuta, da yadda ake magance shi

Tun bayan da kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu tsofaffin kwamfutocin da ba sa iya ɗaukar Windows 11 suka shiga neman mafita. Lamarin ya shafi Najeriya kai tsaye, inda kwamfutocin tokumbo suka cika kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja.

Ɗaya daga cikin mafita ita ce Linux, babbar manhaja ta kyauta da Linus Torvalds ɗan ƙasar Finland ya fara a 1991, bisa tsarin Unix na 1969. Sai dai wasu na karaya tun a matakin farko, idan suka sa filashi suka kunna kwamfuta, allo ya yi baƙi ƙirin.

A mafi yawan lokuta kwamfutar lafiyarta ƙalau. Matsalar takan fito ne daga saitin tashi ko kuma ɓangaren nuna hoto.

Idan kwamfuta ta ƙi ganin filashin, ta wuce zuwa Windows, ana buɗe jerin zaɓin tashi da zarar an kunna ta. A yawancin kwamfutocin Dell ana danna F12, a na HP kuma F9. Ubuntu na aiki da tsarin kariya na Secure Boot, amma wasu nau'o'in Linux ba sa tashi sai an kashe shi a cikin saitin BIOS.

Idan kuwa jerin zaɓi na GRUB ya bayyana, sannan allo ya mutu bayansa, to direban katin hoto ne ya gaza daidaita allon, abin da aka fi gani a katunan NVIDIA. Ubuntu ta tanadi zaɓin "safe graphics" domin haka, Linux Mint kuma tana da "compatibility mode".

Wanda bai ga wannan zaɓi ba yana iya danna harafin e, ya nemi layin da ya fara da kalmar "linux", ya ƙara "nomodeset" bayan "quiet splash", sannan ya danna F10. Wannan umarni na hana manhajar kunna direban hoto da wuri, ta dogara da sassauƙan yanayin da kwamfutar ta taso da shi.

Wannan gyara na tashi ɗaya ne, kuma hoton kan fito da manyan haruffa da ɗan nauyi. Bayan an kammala ɗorawa, wajibi ne a sauke direban da ya dace, domin barin "nomodeset" dindindin na rage ingancin bidiyo.

Sai batun ma'adanar hoto. Kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban tana yankar wani kaso ne daga RAM. A wasu kwamfutocin ana ganin saitin a BIOS da sunan DVMT ga masu Intel, ko UMA ga masu AMD.

Hoton allo guda mai faɗin 1920 da tsayin 1080 na cin kusan megabait 8 kacal. Saboda haka ware kaso mai yawa a kwamfuta mai RAM gigabait 4 tauye sauran ayyuka kawai yake yi, kuma barin saitin yadda ya zo ya wadatar.

Inda ƙarancin ma'adanar hoto ya fi yin illa shi ne wajen gwada Linux a cikin VirtualBox. A can ana ɗaga ta zuwa megabait 128, a zaɓi VMSVGA a matsayin mai sarrafa hoto.

Akwai saiti guda da ke buƙatar taka-tsantsan. Idan manhajar ɗorawa ba ta ga rumbun ajiya ba saboda tsarin Intel RST, sauya shi zuwa AHCI na iya hana Windows ɗin da ke ciki tashi.

Don haka ya kamata a kwafe muhimman takardu da hotuna zuwa wani wuri kafin a taɓa komai, a riƙa sauya saiti ɗaya a lokaci guda, ana rubuta yadda yake tun asali.