Rairayi da sakaci ke kashe famfon foraji a Magarya da Dungas

A ƙasar Magarya da ta Dungas, kudancin jihar Damagaram, ruwa ba shi da nisa cikin kwarin Korama. Shi ya sa rake yake albarka a wurin tun kafin noman rani ya bazu bayan farin 1984. Amma garuruwan tudu sai da zurfin haƙa. A da, ma'aikatar OFEDES, wadda aka kafa a 1963, ita ke gina rijiyoyin siminti. Yau kuwa foraji ake haƙawa, a zura famfo ciki, janareto ko farantan hasken rana su ba shi wuta, ya tura ruwa cikin shato, daga nan ya gangara zuwa famfunan unguwa.

Wannan famfo cikin ruwa yake kwana yake tashi, kuma ruwan da yake ja shi ne ke sanyaya injinsa. Idan ruwa ya ja baya a watannin Afrilu da Mayu, mai tsaro kuwa ya bar shi yana juyawa babu ruwa, to sai ya ƙone.

Babban abokin gabarsa shi ne rairayi, abin da ƙasar nan ba ta rasa ba. Ƙwayoyinsa suna cin fukafukan da ke tura ruwa a hankali, ba ƙara ba hayaƙi. Duk da haka alamar ba ta ɓuya: shaton da ke cika cikin awa 4 ya koma sai awa 6, a gindin bokiti kuma a ga yashi ya kwanta. Mai tsaron da ke rubuta awoyin aiki a littafi kullum shi ke fara ganewa. Wanda ba ya rubutawa, sai ranar da mata suka dawo da tulu wayam.

Janareto yana son sabon mai wajen kowace awa 250, a kuma duba matatar iskarsa da hunturu. Farantai suna son a share musu ƙura.

Dokar ruwa ta 2010 ta ɗora wa masu shan ruwa nauyin taimakawa da kuɗin kulawa. A ganinmu nan ne gizo ke saƙar. Inda asusu ya bushe, fito da famfo da nemo kayan gyara daga Damagaram ko Kano yakan ci makonni, jama'a da dabbobinsu kuma su koma tafki ɗaya.