TSIBIRIN TSUNTSAYE NA DAKAR

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Manomin Kurfai ya san tabki, ya san Dallol Boso, amma tsibirin teku sai a labari. Tsibiri tudu ne wanda ruwa ya kewaye ko'ina.

A ƙasar Senegal, wajen kilomita 4 yamma da birnin Dakar, akwai tsibiran Madalen. Babbansu shi ne Sarpan. Duk baƙin dutse ne. Babu gari, babu gona, babu rijiya. Kukokin wurin gajeru ne, iskar teku ta hana su tsawo. Lebu, masuntan Dakar, sun ce wurin gidan aljanin da ke tsaron garinsu ne, don haka tun kaka da kakanni suke girmama shi.

A shekarar 1976 gwamnatin Senegal ta mai da tsibiran gandun da aka hana taɓawa. Faɗinsa hekta 45 ne.

Don mi aka tsare shi?

Don tsuntsaye. Akwai wani farin tsuntsu mai jan baki da dogon wutsiya. A teku yake neman kifi. Ba ya sauka tudu sai lokacin ƙwai. Macen ƙwai ɗaya tak take yi, cikin kogon dutse. In mutum ya firgita ta, ta tashi, rana ta buge ƙwan, ko wani tsuntsu ya fasa shi. Wahalarta ta tafi a banza. Akwai kuma baƙaƙen tsuntsaye masu nutso, su ma can suke sheƙa.

Yaya ake zuwa?

Baƙo sai ya nemi izini wurin ma'aikatan gandun. Ya shiga kwalekwale mai inji, tare da ɗan jagora. Ya riƙo ruwan shansa. Ba a farauta, ba a ɗaukar ƙwai, ba a barin shara. Ba a kwana.

Wannan doka ba baƙuwa ba ce ga mutanen Filinge. Kowace shekara, gab da damina, shamuwa tana zuwa ta yi sheƙa a itacen tsakar gari. Babu mai jifarta. Yaron da ya ɗauko gwafa, tsofaffi su tsawata masa. Shi ya sa take dawowa.

A shekarar 2004 an sa Dallol Boso cikin jerin wuraren ruwa na duniya da ake kiyayewa. Tsuntsayen tabkunansa su ma suna bukatar irin mutuncin da ake yi wa shamuwa. Wanda ya kwashe ƙwai bana, baɗi ba zai ga tsuntsu ba.