Inshorar Jinyar Tsufa a Amurka: Kamfani Takarda Yake Bi

Tsohon da ya kai munzalin da ba ya iya wanka da kansa, ko ya fara mance hanyar gidansa, mai kula yake bukata dare da rana, ba likita ba. A Amurka kuwa wannan kulawar ce tsarin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga 'yan shekara 65 zuwa sama, ba ya ɗauka. Iyakarsa kwana 100 a gidan jinya, shi ma bayan kwanciyar asibiti. Medicaid, tsarin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, na biya, amma sai mutum ya kusa ƙarar da abin hannunsa, kuma a yawancin jihohi ana bin diddigin dukiyar da ya kyautar cikin shekara biyar da suka wuce. Ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na masu cika shekara 65 za su bukaci irin wannan kulawa kafin su bar duniya. A wannan giɓin kamfanoni suke sayar da inshorar jinya ta dogon lokaci.

Mai saye yakan fara da tambayar nawa zai riƙa zubawa. A ganina ita ce tambaya ta ƙarshe, domin kamfani ba ya biya don mutum ya galabaita, yana biya ne idan galabaitar ta yi daidai da abin da aka rubuta. Dokar tarayya ta 1996 ta shimfiɗa ma'aunin da yawancin yarjejeniyoyi ke bi: sai jami'in lafiya ya shaida cewa mutum ya kasa biyu daga cikin abubuwa shida, wato cin abinci, wanka, sa tufafi, shiga bayan gida, tashi daga gado ko kujera, da riƙe fitsari da bahaya, kuma ana sa ran kasawar ta kai kwana 90. Ko kuma gigin tsufa ya yi masa tsanani har a ji tsoron barinsa shi kaɗai. Dattijuwar da ba ta iya girki, ba ta iya zuwa kanti, amma tana lallaɓawa ta yi wanka ta sa kaya, ba ta shiga lissafi ba tukuna, komai wuyar da 'ya'yanta ke sha.

Ko an cika sharaɗin, akwai kwanakin jira da mutum zai biya daga aljihunsa, galibi 90. A nan kalma ɗaya ke raba gardama. Wata takarda kwanakin kalanda take ƙirgawa, wata kuma sai ranakun da mai kula na haya ya zo aiki. Idan mai kular na zuwa sau uku a mako, kwana 90 sun zama mako 30, kusan wata bakwai ke nan iyali na biya kafin sisin kamfani ya fito. Haka adadin kuɗin: dala 150 a rana na shekara uku tarin dala 164,250 ne, in ya ƙare ya ƙare. Wanda ya saya yana ɗan 55 kuma watakila sai ya haura 80 zai nema, lokacin da dala 150 ta zaizaye. Shi ya sa ƙarin da ke bin hauhawar farashi ya fi komai muhimmanci a takardar. Ƙarin kashi 5 da ke hawa kan na bara yana ninka kuɗin cikin kimanin shekara 14, na kashi 3 kuma cikin kimanin 24.

Abin da ya fi ƙona wa masu saye rai shi ne alƙawarin sabuntawa. Ma'anarsa kamfani ba zai kori mutum don ya tsufa ko ya kamu da ciwo ba. Bai ce kuɗin zubin ba zai tashi ba. Kamfanonin sun yi kuskuren lissafi tun farko: sun ɗauka mutane da yawa za su gaji su daina zubi, sai ba su daina ba, suka kuma yi tsawon rai, ribar ajiya ta faɗi. Kamfanin MetLife ya sanar da daina sayar da sabuwar inshorar jinya a 2010, kotu ta rufe Penn Treaty a 2017, asusun ma'aikatan jihar Kalifoniya kuma ya sanar da ƙarin kashi 85 cikin ɗari kan kuɗin zubi a 2013 ga da yawa daga masu inshorarsa. Tsohon da ke cin fansho ya zaɓi ɗaya: ya biya, ya yarda a rage masa amfanin, ko ya saki zubin shekara ashirin.

Wani zai ce wannan damuwar Turawa ce, mu 'ya'yanmu ne ke jinyarmu. Gaskiya ne a Kano ko Maraɗi, inda gida ke cike da hannaye. Amma Bahaushen da ya tsufa a Niyok, 'yarsa na fita aiki tun asuba, yana cikin halin maƙwabcinsa ne. Shi ne ma ya fi bukatar karatun tsanaki, saboda takardu da yawa ba sa biyan ɗan uwa idan shi ke jinyar, sai ma'aikaci mai lasisi, kuma da yawa suna taƙaita ko su hana biya a wajen Amurka. Mai niyyar komawa gida ya ƙarasa kwanakinsa na iya shekara talatin yana zubin abin da ba zai tsallaka teku da shi ba.

Wani kuma zai ce to a bar ta mana. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan shawara ce mai kyau, tunda Medicaid zai koma ko da inshora ko babu, attajiri kuwa aljihunsa ya ishe shi. Na tsakiya ne ke cikin tsaka mai wuya, mai gida da ɗan tanadin da jinyar shekara uku za ta lamushe ta bar matarsa hannu rabbana. Shi jinkiri ma ba ya yi masa rana, domin ana duba lafiya kafin a sayar, kuma wanda mantuwa ta fara kamawa ba a karɓarsa. Dillali kamasho yake ci, don haka bayanin bakinsa ba hujja ba ne. Doka ta ba mai saye kwana 30 bayan takardar ta iso hannunsa ya karanta, in bai gamsu ba ya mayar a ba shi kuɗinsa cif.